Tambayoyi da Amsoshi Kan Gano Kurakurai da Gyara Su a Manhajojin Kwamfuta da Na Yanar Gizo

An tattara waɗannan tambayoyi ne saboda masu rubuta manhaja, ko wadda ake girkawa a kan kwamfuta ko wadda ke aiki a cikin burauza. Mai karatu zai lura cewa amsoshin suna yawan komawa ga abu ɗaya, wato tazarar da ke tsakanin abin da mai rubuta kod yake zato da abin da yake faruwa a zahiri, domin a cikin wannan tazara ce mafi yawan kurakurai suke ɓuya.

Manhajata ta tsaya, ta fito da dogon saƙon kuskure. Daga ina zan fara?

Ka fara da karanta saƙon daga farkonsa har ƙarshensa. Wannan shawara tana kama da raini, amma da yawa daga cikin masu koyo da zarar sun ga jan rubutu ya cika allo sai hankalinsu ya tashi, su koma cikin kod suna canje-canje, alhali saƙon ya riga ya faɗa musu sunan fayil, da lambar layi, da irin kuskuren da aka yi.

Dogon jerin layukan da ke biyo bayan saƙon shi ne sawun da manhaja ta bi kafin ta faɗi: wane sashe ne ya kira wane, har aka iso wurin da abin ya lalace. Harsunan kod ba su jera shi iri ɗaya ba. A Python ainihin kuskuren yana layi na ƙarshe, don haka daga ƙasa ake fara karantawa. A Java da C# da JavaScript kuwa yana sama, sai dai a Java idan ka ga kalmomin Caused by an maimaita su, to na can ƙasa shi ne tushen matsalar. Cikin wannan jeri ka nemi layi na farko da ya ambaci fayil ɗin da kai ka rubuta da hannunka, domin da wuya ƙwarai a ce laifin yana cikin laburare, wato shiryayyen kod na wasu da ka ɗauko, wanda dubban mutane suke amfani da shi kullum.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, layin da saƙon ya nuna shi ne inda aka gane akwai matsala, ba lallai ne ya zama inda aka haife ta ba. Baka ɗaya da aka manta ba a rufe ba a layi na 40 tana iya sa a yi ƙorafi a layi na 90. Na biyu, idan manhajar da ke fassara kod ta jero maka kurakurai hamsin, ka gyara na farko kawai ka sake gwadawa, saboda sau da yawa sauran arba'in da taran 'ya'yansa ne.

Babu wani saƙon kuskure, amma sakamakon da nake samu ba daidai ba ne. Me zan yi?

Wannan ya fi na farko wahala, kuma a nan ne ake gane wanda yake aiki da tsari da wanda yake lalube cikin duhu. Matakin farko shi ne ka samo hanyar da za ka sa kuskuren ya faru duk lokacin da ka ga dama: wane bayani aka shigar, wane maɓalli aka danna, me aka yi tsammani, me ya fito. Kuskuren da ba ka iya maimaita shi ba, ba ka da hanyar tabbatar da cewa ka gyara shi.

Bayan haka sai ka riƙa raba tafiyar gida biyu. Idan bayani ya shiga lafiya ya fito a gurguje, ka tsaya a tsakiyar hanya ka duba shi. In yana nan lafiya, matsalar tana rabi na biyu. In ya riga ya lalace, tana rabi na farko. Kana iya dubawa ta hanyar buga ƙimar a allo, kuma babu abin kunya a cikin haka, amma manhajar bin sawu da ke cikin Visual Studio ko PyCharm ko burauzar Chrome ta fi sauƙi, domin tana ba ka damar sa alamar tsayawa a kowane layi, ka ga abin da kowane bariyabul, wato ma'ajin ƙima mai suna a cikin kod, yake riƙe da shi a wannan lokacin. Gani ya kori ji: kada ka ce ai na san wannan jeri ba fanko ba ne, ka buɗe shi ka gani da idonka.

Idan kuwa abin yana aiki a makon jiya amma yau ya ƙi, to ba kod za ka raba biyu ba, tarihi za ka raba. Manhajar Git mai adana tarihin canje-canjen kod, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 2005, tana da umarnin git bisect da aka yi musamman domin wannan. Za ka nuna mata siga ɗaya mai kyau da ɗaya marar kyau, ita kuma ta riƙa kai ka tsakiya tana tambaya, har ta kama canjin da ya jawo matsalar. Ko da canje-canje 1,000 ne a tsakani, gwaji kamar goma ya isa. Sharaɗi ɗaya ne kawai a duk wannan aiki, shi ne ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin wanda ya taɓa wurare biyar sannan abin ya gyaru, bai san wanne ne maganin ba, kuma mai yiwuwa ya shuka sababbin kurakurai huɗu.

Mene ne NullPointerException, kuma me ya sa yake bina ko'ina?

Sunansa yana canzawa daga harshe zuwa harshe: NullPointerException a Java, NullReferenceException a C#, ƙorafi a kan NoneType a Python, saƙon Cannot read properties of undefined a JavaScript. Ma'anar ɗaya ce, wato ka miƙa hannu za ka ɗauki abu a inda babu komai. Masanin kwamfuta ɗan Ingila Tony Hoare, wanda ya shigar da wannan ƙima ta babu, wato null, cikin harshen ALGOL W a 1965, ya fito a 2009 ya kira ta kuskurensa na dala biliyan ɗaya.

Tambayar da za ka yi wa kanka ba ita ce yaya zan hana manhajar faɗuwa a wannan layi ba. Tambayar ita ce daga ina wannan babu ta fito. Watakila ka nemi mai amfani a rumbun bayanai ba a same shi ba, ko ka yi kuskuren harafi a sunan wani fili, ko ka nemi wani maɓalli a shafi tun kafin burauza ta gama gina shafin. Idan ka tsaya ga sa sharaɗin a tsallake layin duk lokacin da babu ƙima, ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba, matsalar za ta ɓullo a wani wuri mai nisa inda gano ta zai fi wuya.

Tana aiki lafiya a kwamfutata, amma ta ƙi aiki a kwamfutar wani ko a kan sabar. Yaya haka?

Idan kod ɗaya ya yi hali biyu a wurare biyu, to wuraren ne suka bambanta, kuma aikinka shi ne ka jera bambance-bambancen ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na fi ba da shawarar a fara da sigogi: sigar harshen kanta, da sigar kowane laburare. Mutum yana iya girka laburare a Python ɗaya, manhajarsa kuma tana tashi da wata Python daban da ke cikin kwamfutar, sai ya yi ta ganin ModuleNotFoundError yana rantsuwa cewa ya girka. Maganin wannan shi ne kowane aiki ya sami keɓantaccen muhallinsa, a kuma riƙa girka laburare da python -m pip domin a tabbata Python ɗin da ta girka ita ce za ta tayar. A ɓangaren JavaScript, fayil ɗin package-lock.json shi ke riƙe da ainihin sigogin da aka gwada, don haka wajibi ne ya shiga Git tare da sauran kod.

Sai batun sunayen fayiloli. Windows ba ya bambanta Logo.png da logo.png, amma Linux, wanda mafi yawan sabobin yanar gizo suke amfani da shi, yana ɗaukarsu fayiloli biyu daban. Hoton da yake fitowa a kwamfutarka ya ɓace a kan sabar, sau da yawa babban harafi ɗaya ne sanadinsa. Haka kuma adireshin fayil da aka rubuta shi a taƙaice ana lissafa shi ne daga foldar da aka tayar da manhaja, ba daga inda kod yake zaune ba, shi ya sa manhaja takan ga fayil idan an tayar da ita daga cikin editan kod, ta kasa ganinsa idan an danna tambarinta. A manhajojin Windows akwai ƙarin tarko, domin mai amfani na yau da kullum ba shi da izinin rubutu a cikin Program Files, saboda haka saituna da bayanan mai amfani wurinsu AppData ne.

Ragowar bambance-bambancen su ne saitunan muhalli kamar kalmar sirri ta rumbun bayanai, da izinin fayiloli, da yankin lokaci na injin, da tambaya mafi sauƙi wadda aka fi mantawa: shin kod ɗin da ke kan sabar shi ne wanda kake kallo? A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45, saboda sabon kod ya hau sabobi bakwai cikin takwas, ta takwas ɗin ta ci gaba da aiki da tsohon. Kayan aiki irin su Docker suna rage wannan matsala ta hanyar ɗaure manhaja da muhallinta wuri ɗaya, amma ba sa ɗauke wa mutum nauyin dubawa.

Tagar manhajata takan daskare duk lokacin da take wani aiki mai nauyi. Laifin kwamfutar ne?

A'a, laifin tsarin kod ne. Kusan duk manhajojin kwamfuta masu taga suna da zaren aiki guda ɗaya wanda shi kaɗai yake zana allo yana kuma sauraron linzami da madannai. Idan ka ɗora wa wannan zare karanta ƙaton fayil ko jiran amsa daga intanet, ba shi da lokacin sauraron kowa, kuma idan ya yi kamar daƙiƙa biyar bai amsa ba, Windows zai dusashe tagar ya rubuta cewa manhajar ba ta amsawa. Gyaran shi ne a kai aiki mai nauyi wani zare daban, ko a yi amfani da async da await inda harshen ya tanada.

Sai dai wanda ya yi haka yakan ci karo da matsala ta biyu nan take, domin zaren baya ba shi da izinin taɓa abin da ke kan taga kai tsaye. Dole ne ya miƙa sakamakonsa ga zaren allo: ta Invoke a WinForms, ta Dispatcher a WPF, ta SwingUtilities.invokeLater a Swing na Java, ta sigina a Qt.

Mai amfani ya girka manhajata, sai aka ce masa ba a sami VCRUNTIME140.dll ba.

Kwamfutarka tana da wannan fayil ne saboda kayan aikin da ka girka sun zo da shi, tasa kuwa ba ta da shi. Ka haɗa Visual C++ Redistributable na Microsoft a cikin shirin girka manhajarka, kuma kada ka taɓa tura mutum ya sauko da fayil ɗin DLL guda daga shafin da ba a san mai shi ba. Idan kuskuren 0xc000007b ne, galibi an cakuɗa manhaja mai bit 64 da laburare mai bit 32, ko akasin haka. Abin da ke ƙara rikita mutane a nan shi ne, a Windows mai bit 64 foldar System32 ita ke ɗauke da fayiloli masu bit 64, SysWOW64 kuma masu bit 32.

Shafina ya ƙi karɓo bayanai daga sabar. Ta yaya zan san ko laifin burauza ne ko na sabar?

Ka danna F12, ka buɗe sashen Network, ka sake loda shafin, ka nemi buƙatar da ta gaza. A nan za ka ga adireshin da aka tura ta, da abin da ta ɗauka, da amsar da ta dawo, kuma lambar amsar ita ce alƙali. Lambobin da suka fara da 4 suna nufin sabar tana ganin laifin mai buƙata ne: 400 buƙatar ba ta da tsari, 401 ba a san ko kai wane ne ba, 403 an san ka amma ba ka da izini, 404 babu abin da ka nema a wannan adireshi. Waɗanda suka fara da 5 na sabar ne. Lambar 500 tana nufin kod ɗinka na can ya faɗi, kuma cikakken bayaninsa yana cikin rajistar sabar, ba a burauza ba, don haka ɓata lokaci ne a tsaya ana kallon shafin. Lambobin 502 da 504 yawanci suna nuna cewa sabar da ke bakin ƙofa, kamar Nginx, tana raye, amma manhajar da ke bayanta ta mutu ko ta yi jinkirin amsawa.

Mene ne kuskuren CORS, kuma me ya sa buƙatar take aiki a Postman amma ba ta aiki a burauza?

Tun zamanin Netscape Navigator 2, a 1995, burauzoji suke bin ƙa'idar cewa kod ɗin da ya fito daga wani tushe ba zai karanta amsar wani tushe daban ba sai da izini. Ba don wannan ƙa'ida ba, da duk wani shafin banza da ka buɗe zai iya karanta bayanan asusunka na banki muddin ka shiga shi a wata taga. Tushe kuwa abubuwa uku ne a haɗe: ƙa'idar sadarwa, wato http ko https, da sunan shafi, da lambar ƙofa. Saboda haka localhost:3000 da localhost:8000 tushe biyu ne daban ko da suna kwamfuta ɗaya.

Burauza ce kaɗai take tilasta wannan doka, shi ya sa Postman da curl, kayan gwajin da ke aika buƙata kai tsaye ba ta burauza ba, suke wucewa ba tare da tangarɗa ba. Tsarin ba da izinin shi ne CORS, kuma sabar ce take bayar da izinin, ta hanyar sa Access-Control-Allow-Origin a kan amsarta, don haka babu wani gyara da za ka yi a kod ɗin burauza ya magance shi. Ka kuma sani cewa ga wasu buƙatu, burauza takan fara aika ɗan leƙen asiri mai suna OPTIONS ta tambayi izini; idan sabar ta buƙaci shaidar shiga a kan wannan ma ta ƙi shi, ainihin buƙatar ba za ta taɓa tashi ba. Masu gaggawa sukan sa alamar tauraro domin buɗe wa kowa, amma burauza ba ta karɓar tauraro idan buƙatar tana ɗauke da kukis, wato ƙananan bayanan da shafi yake ajiyewa a burauza, kuma wanda ya kashe tsaron burauzarsa domin kuskuren ya ɓace ya gudu ne bai tsira ba, tunda masu amfani da shafinsa ba za su kashe nasu ba.

Na canza kod amma shafin bai canza ba.

Ka tabbata ka adana fayil ɗin, kuma shi ne wanda ake lodawa. In haka ne, to tsohon kwafi ne burauza take nuna maka daga ma'ajiyarta. Ctrl da Shift da R za su tilasta mata ɗauko sabo. Ga masu amfani, waɗanda ba za ka bi su gida-gida kana koya musu wannan ba, mafita ita ce sunan fayil ya riƙa canzawa duk lokacin da abin cikinsa ya canza, kuma kayan haɗa fayilolin shafi irin su Vite da webpack suna iya yin haka.

Me ya sa haruffan ƙ da ɗ da ɓ suke komawa wasu alamomi marasa ma'ana?

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lambobi ta sani, kuma dole mai rubutawa da mai karantawa su yarda da tsari ɗaya na mayar da lamba harafi. Tsarin da ya mamaye yanar gizo shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A cikinsa harafin ƙ yana cin bayit biyu, C6 da 99. Idan wata manhaja ta karanta waɗannan bayit biyu da tsohon tsarin Windows-1252, wanda yake ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, sai ta nuna Æ™, kalmar ƙasa ta koma Æ™asa. Irin lalacewar da ka gani ita ce za ta gaya maka inda ciwon yake, kuma iri uku ne.

Idan baƙin haruffa bibbiyu ka gani kamar na sama, bayanin yana nan lafiya, karatun ne aka yi ba daidai ba, sai ka duba ko shafin ya bayyana cewa UTF-8 ne, ka duba yadda aka buɗe fayil ɗin. Sigogin Python da yawa a kan Windows ba sa ɗaukar UTF-8 da kansu wajen buɗe fayil sai an faɗa musu. Idan ƙananan akwatuna ka gani, komai daidai yake, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da zanen harafin. Idan kuwa alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin a cikin rumbun bayanai, wannan shi ne mafi muni, domin an adana rubutun ne a tsarin da ba shi da gurbin harafin, kamar latin1, kuma asalin ya tafi ke nan sai dai a sake shigarwa.

Masu amfani da MySQL suna da wani tarko na musamman. Tsarin da ya daɗe yana amsa sunan utf8 a can bayit uku kawai yake iya ɗauka ga harafi ɗaya, wanda ya ishi ƙ da ɗ, amma bai ishi emoji ba, domin su huɗu suke ci. Cikakken tsarin shi ne utf8mb4, kuma ana bukatarsa a kan teburin da kuma a kan layin haɗin da manhaja take magana da rumbun.

Manhajata takan faɗi idan aka shigar da suna kamar Sa'adu ko Mu'azu. Me ya haɗa suna da faɗuwa?

Ka gode wa wannan suna, domin ya tona maka ɓaraka babba kafin wani mugu ya gano ta. Abin da ke faruwa shi ne kana haɗa umarnin SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, ta hanyar manna abin da mai amfani ya rubuta a tsakiyarsa. A SQL alamar da ke tsakiyar Sa'adu ita ce take rufe rubutu, sai rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a Sa, ragowar kuma umarni ne da bai gane ba. Wanda ya fahimci haka zai iya rubuta umarni na gaske a wurin suna, ya karanta teburinka ko ya share shi. Hana mutane rubuta alamar ba magani ba ne, zalunci ne kawai ga masu irin waɗannan sunaye. Maganin shi ne a aika umarni daban, ƙima daban, ta hanyar gurabun da kowane laburaren rumbun bayanai ya tanada, kamar PreparedStatement a Java ko PDO a PHP.

Me ya sa 0.1 da 0.2 suke ba da 0.30000000000000004?

Ba kuskuren harshenka ba ne, haka ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 take aiki a kusan kowace kwamfuta. Kamar yadda ba za a iya rubuta ɗaya bisa uku daidai da lambobin goma-goma ba, haka ba za a iya rubuta 0.1 daidai da lambobin bibbiyu ba, sai dai a kusanta. Saboda haka ba a gwada irin waɗannan lambobi da alamar daidai, ana duba ko bambancinsu bai wuce wani ɗan ƙaramin adadi ba. Lissafin kuɗi kuwa ba a yin sa da su sam. Ana amfani da Decimal ko BigDecimal, ko a adana kuɗin a mafi ƙanƙantar rukuninsa a matsayin cikakkiyar lamba.

Cikakkun lambobin ma suna da iyaka. Mai bit 32 da ke ɗaukar alamar ragi tana tsayawa a 2,147,483,647, kuma a harsuna irin su Java ƙarin ɗaya a kanta yana juyar da ita ƙasa da sifiri ba tare da wani gargaɗi ba. Rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta a ranar 4 ga Yuni, 1996, saboda an yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 a gurbi mai bit 16. Wannan iyaka ta bit 32 ita ce kuma za ta cika wa tsofaffin tsare-tsaren da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1970 a ranar 19 ga Janairu, 2038.

Kwanan wata yana komawa baya da kwana ɗaya ga wasu masu amfani.

Yankin lokaci ne. A JavaScript idan ka ba Date rubutun 2024-03-10 shi kaɗai, yana ɗaukarsa tsakar dare a agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, don haka mai amfani da ke New York zai ga 9 ga Maris. Ka adana lokutan abubuwan da suka faru a UTC, ka mayar da su agogon mai amfani a lokacin nunawa kawai. Ranar haihuwa kuma, wadda ba ta da sa'a, ka adana ta a matsayin kwanan wata zalla. Ka kuma tuna cewa Date yana ƙirga watanni daga sifiri, Janairu 0 ne, Disamba 11.

Kuskuren yakan zo wani lokaci ya tafi, kuma da na fara bincike sai ya ɓace.

Duk kuskuren da ke da irin wannan hali, abin da za a fara zargi shi ne tsere tsakanin ayyuka biyu da suke taɓa abu ɗaya, inda sakamako ya dogara ga wanda ya riga isa. Bincikenka yana ɓatar da shi ne saboda layin da ka ƙara domin buga bayani ya ɗan jinkirta ɗaya daga cikinsu. Misali mai sauƙi shi ne mutum biyu su sayi tikiti na ƙarshe a lokaci guda: kowace buƙata ta duba ta ga saura ɗaya, kowace ta rage ɗaya, aka sayar da kujera ɗaya sau biyu. Gyaran shi ne dubawa da ragewa su zama aiki guda da ba ya rabuwa, ta hanyar kulle ko ta ma'amala guda a rumbun bayanai. A burauza kuma mafi yawan irin wannan await ne da aka manta, sai kod ya wuce gaba ya yi amfani da amsar da ba ta iso ba, abin ya yi aiki a intanet mai sauri ya ƙi a mai jinkiri.

Ba ƙaramin al'amari ba ne. Na'urar gashin cutar daji ta Therac-25 ta ba marasa lafiya hasken da ya wuce kima aƙalla sau shida tsakanin 1985 da 1987 a Amurka da Kanada, wasu suka rasu, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsere irin wannan, wanda ba ya bayyana sai ma'aikaci ya yi saurin gyara saituna. Mafi munin magani, wanda abin takaici shi aka fi gani, shi ne a sa manhaja ta yi barcin daƙiƙa ɗaya da fatan ɗayan aikin zai gama.

Manhajar tana farawa da sauri, amma tana ƙara nauyi har sai an sake kunna ta.

Ka auna kafin ka taɓa komai, domin hasashen mai kod game da inda jinkiri yake ba kasafai yake dacewa ba. Idan ƙwaƙwalwar da manhajar take ci tana hawa ba ta sauka, to akwai yoyo. A C da C++ wuri ne aka ara ba a mayar ba, kuma Valgrind ko AddressSanitizer za su nuna shi. A harsunan da suke share ƙwaƙwalwa da kansu, yoyon yana zuwa ne daga abin da har yanzu ake riƙe da shi ba da sani ba: jerin da ake ta ƙara masa ba a ragewa, mai sauraron danna maɓalli da ba a cire ba bayan an rufe shafi, haɗin rumbun bayanai da aka buɗe ba a rufe ba.

Idan kuwa nauyin yana ƙaruwa ne da yawan bayanai, ka ƙirga tambayoyin da shafi ɗaya yake yi wa rumbun. Abu ne sananne a ɗauko jerin oda 100 da tambaya ɗaya, sannan a shiga zagaye ana tambayar sunan mai kowace oda, a tashi da tambayoyi 101 a inda ɗaya ko biyu suka isa. Ba a ganin wannan a lokacin gwaji da layuka goma. Umarnin EXPLAIN kuma zai nuna maka ko rumbun yana bin teburi layi-layi ne saboda rashin fihirisa.

Na kewaye wurin da try da catch, kuskuren ya daina fitowa. Na gyara ke nan?

Ba ka gyara ba, ka toshe bakin mai kawo maka labari ne. Catch ɗin da aka bari fanko yana haɗiye kuskuren, manhaja ta ci gaba da tafiya da bayanin da bai cika ba, watanni kaɗan bayan haka a tarar da rabin odoji ba su shiga rumbu ba kuma babu wata alama a rajista. Ana kama kuskure ne idan akwai abin da za a yi a kansa, kamar sake gwada haɗin da ya yanke ko gaya wa mai amfani cewa fayil ɗin da ya zaɓa ba ya buɗuwa. In babu, a rubuta shi a rajista da cikakken sawunsa, a bar shi ya wuce sama.

Hanyar tabbatar da gyara kuwa ita ce ka iya faɗin dalilin kuskuren a jimla ɗaya, sannan ka cire gyaran ka ga kuskuren ya dawo, ka mayar ka ga ya tafi. Daga nan sai ka rubuta ɗan gwaji mai sarrafa kansa da ainihin bayanin da ya jawo matsalar, ko sunan Sa'adu ne ko ranar 29 ga Fabrairu, ka haɗa shi da gyaran a canji ɗaya cikin Git, da bayanin abin da ya faru a saƙon canjin.